Radar a kan duwatsu: yadda ƙasar Suwis ke bin sawun ruwan sama da ƙanƙara

Radar ta yanayi na'ura ce mai hango ruwan sama tun yana nesa. Tana harba igiyar rediyo zuwa cikin hadari, sannan ta saurari abin da ya dawo mata. Igiyar tana gudun kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa ɗaya, don haka lokacin da ta ɗauka kafin ta dawo shi ke nuna nisan hadarin, ƙarfin amon kuma ya nuna yawan ruwa da girman ɗigonsa. Ɗigon da ya ninka wani sau biyu a kauri yana maido da amo mai ƙarfi sau 64.

A fili aikin yana da sauƙi. A cikin duwatsu kuwa sai an yi dabara, kuma ƙasar Suwis, wadda tsaunukan Alp suka mamaye fiye da rabinta, tana cikin waɗanda suka fi ƙwarewa a kai.

Abin da dutse ke yi wa radar

Da farko dutse yana tare hanya: abin da ke bayansa radar ba ta ganinsa. Na biyu, shi kansa yana maido da amo, wanda sau da yawa ya fi na ruwa ƙarfi. Ana tace wannan da kwamfuta, tunda ruwa yana motsi, dutse kuwa yana tsaye. Na uku, igiyar tana ƙara yin sama yayin da take nisa, sai ta auna abin da ke cikin gajimare, ba abin da ya sauka ƙasa ba.

Ga shi kuma a nan ne aka fi buƙatar awo. Iska mai laima in ta hau dutse sai ta yi sanyi ta zubar da ruwanta a gefe ɗaya, ruwan ya gangaro kwari da gudu, ƙorama ta cika cikin ɗan lokaci.

Radar biyar

Hukumar yanayi ta ƙasar, MétéoSuisse, tana da radar biyar. Uku sun daɗe: ta Albis kusa da Zurik, ta La Dôle kusa da Janeba, da ta Monte Lema a kudu, a kan iyakar Italiya. Don a ga tsakiyar tsaunukan aka ƙara biyu: ta Plaine Morte a 2014 da ta Weissfluhgipfel kusa da Dabos a 2016, kowacce a tsayin da ya kusa mita 3,000. Kowace radar tana share sararin sama a matakai 20 cikin minti 5. Ana haɗa abin da suka gani da awon ma'aunan ruwa da ke ƙasa domin gyara lissafi.

Gane ƙanƙara

Ƙanƙara tana samuwa ne idan iska mai ƙarfi ta ɗaga ɗigon ruwa zuwa inda sanyi ke daskarar da shi, ya yi ta ƙara kauri har nauyinsa ya fi ƙarfin iskar. A 1979 masani Albert Waldvogel da abokan aikinsa suka nuna cewa gwargwadon yadda amo mai ƙarfi ya haura wurin daskarewar, gwargwadon yiwuwar ƙanƙara ta zubo. Har yau ana aiki da wannan ƙa'ida.

Radar ta zamani tana harba igiya iri biyu, a kwance da a tsaye. Babban ɗigon ruwa yana bajewa idan yana faɗowa, ƙanƙara kuwa tana jujjuyawa, sai ta bayyana kamar dunƙule. Da haka ake bambanta su.

Duk da haka sai an tabbatar a ƙasa. Tun 2015 mutane ke aika wa hukumar girman ƙanƙarar da ta zuba a wurinsu ta wayar salula, kuma daga 2018 aka kafa na'urori 80 masu auna bugun kowace ƙwaya. Ranar 28 ga Yuni 2021, ƙanƙarar da ta kai santimita 9 ta farfasa rufin gidaje da motoci a yankin Lusan.

Radar ba ta hana ƙanƙara. Daga 1977 zuwa 1981 an gwada harba rokoki masu sinadari cikin hadari a tsakiyar Suwis, ba a ga ta ragu ba. Amfaninta shi ne gargaɗi: ƴan mintocin da za su isa a shigar da dabbobi da motoci, a janye mutane daga bakin ƙorama.

A Nijar

A 2006, a ƙarƙashin shirin AMMA na binciken damina a Afirka ta Yamma, an girka irin wannan radar ta jami'ar MIT ta Amurka a filin jirgin saman Yamai don bin hadarin Sahel. Matsalar duwatsu kuwa tana Ayar: a farkon Satumba 2009, ruwan da ya zuba a kan duwatsun ya biyo ƙoramar Telwa ya rushe unguwanni a Agadas. Irin wannan ruwa, mai sauka inda babu mai gani ya iso gari bagatatan, shi ne dalilin ɗora radar a kan dutse.