Gaskiya Ta Fi Kwabo: Tarihin Azurfar Masarik

Jama'a, mu 'yan kasuwa mun san halinmu. In aka miƙo mana kuɗi, adadi kawai muke dubawa, ba ruwanmu da fuskar da ke jiki. To yau muna roƙon 'yan uwa a ɗan tsaya a dubi wata fuska, domin akwai magana a bayanta.

A shekarar 1937 ƙasar Cekoslobakiya, can tsakiyar Turai, ta buga wata tsabar azurfa ta koruna 20, koruna kuwa shi ne sunan kuɗinsu. Nauyinta giram 12 ne, kashi 70 cikin 100 azurfa ce. Gefe guda tambarin ƙasa, ɗaya gefen kuma kan wani dattijo mai gemu, Tomas Masarik, shugabansu na farko, wanda ya rasu ran 14 ga Satumba na wannan shekara yana da shekara 87.

Shi dai Masarik ɗan talakawa ne. An haife shi a 1850 a garin Hodonin, lokacin Cekawa na ƙarƙashin sarkin Ostiriya. Ubansa tuƙin keken doki yake yi, uwarsa kuma mai dafa abinci ce. Shi kansa ya taɓa koyon ƙira kafin karatu ya ja shi, har ya zama malami a jami'ar birnin Firag a 1882.

Sau biyu ya saɓa da mutanensa saboda gaskiya. Na farko a 1886. Akwai wasu rubuce-rubucen waƙoƙi da Cekawa ke alfahari da su, wai tun na kaka da kakanni ne. Masarik ya goyi bayan malaman da suka ce jabu ne. Nan fa jaridu suka yi masa ca, har ana kiransa maci amanar ƙasa. Daga baya bincike ya tabbatar lalle jabun ne.

Na biyu a 1899. Aka tsinci gawar wata yarinya kusa da garin Polna, sai ji-ta-ji-ta ta bazu wai wani Bayahude matalauci ne ya kashe ta don a yi tsafi da jininta. Masarik ya fito ya ce zancen tsafin nan camfi ne, a sake duba shari'ar. Kai, har ɗalibai suka riƙa yi masa ihu a aji. Mu da ke zaune a garin wasu, ai ba sai an gaya mana abin da ji-ta-ji-ta ke yi wa baƙo ba, da kuma darajar ɗan gari guda da zai miƙe ya ce a'a.

Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, sai ya bar gida yana da shekara 64, ya bi Ingila da Rasha da Amurka yana nema wa ƙasarsa 'yanci. Ran 28 ga Oktoba 1918 aka kafa Cekoslobakiya, mutanen da suka zage shi jiya suka ba shi shugabanci. An sake zaɓensa a 1920 da 1927 da 1934, sannan a 1935 da tsufa da ciwo suka kama shi ya sauka da kansa.

Bayan rasuwarsa ƙasar ba ta ji da daɗi ba. A 1938 aka yanka wa Jamus wani yanki, a 1939 sojan Hitila suka shiga Firag. 'Yan gurguzu da suka karɓi mulki a 1948 suka bi suna kawar da mutum-mutuminsa. Amma azurfa ba ta tsatsa. Da mulkinsu ya faɗi a 1989, a 1990 aka sake buga kuɗi da fuskarsa. Ko da ƙasar ta rabu biyu a 1993, Jamhuriyar Cek ta sa hotonsa a takardar koruna 5,000, wadda ta fi kowace girma.

Yau wannan tsaba ba ta sayen ko ashana a kanti, sai dai masu tara tsofaffin kuɗi su saye ta da daraja. A tutar shugaban ƙasarsu an rubuta cewa gaskiya ita ke rinjaye. Mu kuwa tun tuni iyayenmu suka ce gaskiya ta fi kwabo. Allah ya ba mu ƙarfin halin faɗinta ko da a kan namu ne, amin.