Elizabeth Blackwell: Matar Da Ta Fanshi Mijinta Da Zanen Ganyaye

Da a fim na ga wannan labarin, wallahi da na ce marubucin ya zuzuta. To amma ya faru, a Landan, cikin shekarun 1730.

Alexander Blackwell, mutumin Aberdeen ta ƙasar Sikotilan, ya buɗe maɗaba'a alhali bai yi zaman koyon sana'ar a hannun ubangida ba kamar yadda doka ta tanada. Tara ta hau kansa, bashi ya yi masa katutu, aka garƙame shi a kurkukun 'yan bashi. Matarsa Elizabeth ba ta da komai sai iya zane. Da ta ji likitoci da masu haɗa magani suna neman littafi mai hotunan tsirran magani, musamman baƙin tsirran da ake kawowa daga nahiyar Amurka, sai ta kama haya kusa da lambun Chelsea Physic Garden, don ta riƙa samun tsiron da ɗanyensa.

Mai karatu, nan ne wajen mamakin. A wancan zamani aikin mutum uku ne: wani ya zana, wani ya sassaƙa zanen a kan farantin tagulla, wani ya shafa launi bayan an buga. Baiwar Allah nan ita kaɗai ta haɗa ukun. Kuma sassaƙar a juye ake yinta, dama ta koma hagu, in hannu ya goce ba gogewa ake yi da sauƙi ba. Faranti huɗu duk mako, daga 1737 zuwa 1739, har suka cika 500. Shi kuwa gogan naka yana daga kurkuku yana taimaka mata da sunayen tsirran a Latin da wasu harsuna. Littafin, mai suna A Curious Herbal, ya samu amincewar Royal College of Physicians, ya yi kasuwa, aka biya bashin, aka sako shi.

Ni dai ban ga abin da ta tsinta a wannan miji ba. Ya sake cin wani bashin, har sai da aka sayar wa mai kantin littattafai John Nourse haƙƙin littafin. A 1742 ya tafi Suwidin, ya tsoma baki a rikicin gadon sarauta, aka fille masa kai a Stockholm a 1747.

Elizabeth ta rasu a 1758, aka binne ta a Chelsea. A lokacin, wani likita Bajamushe, Christoph Jacob Trew, ya riga ya fara sake buga littafin nata a Nuremberg da sunan Herbarium Blackwellianum.