Harsashi, Albarushi da Sunan da Ke Ɓoye Haɗari

Maharbi a Illela zai ce maka ya ɗura wa bindigarsa harsashi, soja ma haka zai ce, alhali abin da ke hannunsu ya sha bamban. Kalmar daga Larabci muka aro ta, inda rasas ke nufin dalma. Ke nan asalinta ƙwayar da ke fita daga bakin bindiga kaɗai take nufi. Da Turawa suka zo da nasu mai kwanso, wanda ya haɗa ƙwaya da gari da maƙyasti wuri guda, sai muka ɗora masa tsohon sunan. Bindiga da albarushi su ma Larabci ne, bundukiyya da barud.

Sunayen da muka raɗa da kanmu sun fi faɗin gaskiya. Wanda ya kira bindigar adaka harba-ka-ruga ya gama bayaninta: harbi ɗaya ne, kafin ka sake ɗurawa ta baki, abin da ka harba ya tsere ko ya taso maka.

Su kuwa masu ƙera na zamani da lissafi suke raɗa suna. Kamfanin SIG Sauer ya fito da .277 Fury a Amurka. Lambar faɗin ƙwayar ce da ma'aunin inci. A ma'aunin mita, irin wanda aka saba da shi a Birnin Ƙwanni, ana ce masa 6.8x51, wato tsawon kwanson milimita 51. Abin da sunan bai faɗa ba shi ne matsin wutar da ke tashi a cikinsa, fam 80,000 a kowane inci murabba'i, alhali .308 Winchester da aka daɗe ana farauta da shi yana tsayawa a 62,000. Shi ya sa aka yi gindin kwanson da baƙin ƙarfe, jikin da tagulla. Ga mai bin zomo da zabo da fakara a dajin Illela zuwa Gwadabawa, wannan ƙarfi ɓarnar nama ne kawai, kuma Dokar Makamai ta 1959 ba ta yarda a riƙe ko da adaka ba sai da lasisin 'yan sanda.

Inda na fi damuwa shi ne albarushi. Baƙin gari mai hayaƙi da kakanninmu suka sani daban yake da marar hayaƙi da Paul Vieille ya haɗa a Faransa a 1884, amma suna ɗaya muke kiransu. Duk wanda ya ruɗu da sunan ya fasa kwanso ya juye garinsa cikin bututun da maƙeri ya ƙera, bututun na iya tarwatsewa a fuskarsa. Sarakunan farauta da maƙera, ku raba wa yaranku waɗannan gari biyu da suna, ku ce musu na cikin kwanso ba ya shiga adaka.