Ladabin Muhawara a Majalisa, Daga Kaduna Zuwa Abuja

Sa'ad da tsarin mulkin Gwamna Richards ya fara aiki a 1947, aka kafa wa Jihar Arewa Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna a Kaduna, mutanen da suka fara hawa kujerun nan ba baƙin mujadala ba ne, domin mafi yawansu sun taso ne tsakanin fada da zaurukan malamai, inda almajiri kan koyi adabin bahasi da munazara tun bai ƙoshi da nahawu ba, ya san cewa ba a katse wa babba hanzari, kuma hujja ake rushewa, ba a taɓa mutuncin mai ita. Abin da Turawa suka ƙara musu shi ne rubutattun ƙa'idoji: wakili ya fuskanci Shugaban Majalisa ko da da wani yake husuma, kada ya kira abokin jayayyarsa da suna tsirara sai da muƙaminsa ko ƙasar da yake wakilta, in Shugaba ya miƙe kowa ya zauna, wanda kuma bakinsa ya suɓuce da kalmar cin zarafi ya tashi ya janye ta. Bature Niven ya daɗe yana riƙe da kujerar Shugaban Majalisa kafin ta koma hannun Alhaji Umaru Gwandu.

Mu da muka shiga aikin rubuta muhawarar majalisa daga baya, a hannun tsofaffin akawuna muka koye shi, kuma su suka nuna mana cewa rabin natsuwar wancan zamani daga teburinmu ta fito. Hausa da Turanci duka harsunan majalisar Arewa ne, saboda haka wakili ya san maganarsa za ta bi ta bakin tafinta, daga nan ta faɗa alƙalamin mai gajeren rubutu, wanda zai zauna ɗan lokaci a ƙarƙashin kujerar Shugaba, abokin aikinsa ya karɓe shi, shi kuwa ya fita ya warware abin da ya kama tun bai huce ba. Ana kai wa wakili takardar ya duba, yana da izinin gyara tuntuɓen harshe, amma ba shi da ikon sāke ma'ana. Mutumin da ya tabbata jikokinsa za su iya buɗe littafi su ga abin da ya furta cikin fushi, lalle yakan auna kafin ya yanka.

Kada mai karatu ya zaci ladabin nan tsoro ne, ko rufe baki. A watan Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta daga Bauchi, ya miƙe a wannan majalisa ya kawo batun a binciki mulkin En'e, ya ambaci cin hanci da danne talakawa da yadda aka tara iko a hannun mutum guda ba mai tambayarsa, alhali kuwa da yawa daga masu sauraronsa ma'aikatan En'e ne, abincinsu da martabarsu duk a hannun sarakunan da ake magana a kansu. Ban san wata magana da aka yi a Arewa a wancan zamani da ta fi wannan ɗaci ba, amma da yake ya tsara ta da hujja bayan hujja, cikin taushin murya, bai wulaƙanta wani sarki ba, ba a sami ƙofar kore ta ba, dole aka tsaya aka amsa, kuma ba a yi shekaru da yawa ba doka ta wajabta wa sarki yin hukunci tare da majalisarsa. A ganina wannan ita ce fa'idar ladabi mafi girma: shi ne ya ba gaskiya mai nauyi hanyar shiga kunnen da ba ya son ji.

Adalci kuma ya sa a faɗa cewa mutuncin da ake ba ɗan hamayya a cikin zaure, irin su Ibrahim Imam, ba kullum yake bin magoya bayansa har gida ba, domin 'yan jam'iyyar hamayya ta NEPU da yawa sun sha ɗauri a kotunan alƙalai saboda taron siyasa. Zaure yana da tsabta, waje kuwa akwai ƙura.

Ikko ce ta fara koya wa wakilanmu cewa abin da aka yi a majalisa yana iya zama jini a titi. Ran 31 ga Maris, 1953, Anthony Enahoro ya miƙe a majalisar ƙasa da ke can ya kawo batun a ba Nijeriya mulkin kai a 1956, Sardaunan Sakkwato ya nemi a gyara shi ya zama da zarar hali ya yi, 'yan Kudu suka fice, da wakilan Arewa suka fito kuma jama'a ta bi su da ihu da baƙar magana. Ba a cika wata biyu ba fitina ta tashi a Kano, aka rasa rayuka. Abin da ya fi wannan muni ya auku a Ibadan ran 25 ga Mayu, 1962, lokacin da rigimar Awolowo da Akintola ta shiga Majalisar Jihar Yamma, aka yi jifa da kujeru, aka karya sandar majalisa, 'yan sanda suka watsa hayaƙi mai sa hawaye, bayan kwana huɗu aka sa dokar ta-ɓaci aka naɗa Dokta Majekodunmi ya riƙe jihar. Daga nan zuwa juyin mulkin Janairun 1966 Jihar Yamma ba ta sāke samun cikakkiyar lafiya ba.

Da farar hula suka dawo a 1979, ƙa'idojin suna nan a rubuce, sai dai ƙidayar hannuwa ta fara cin wurin hujja. A Kaduna, a zauren nan da ke ɗauke da sunan Gwamna Lugga, majalisa mai rinjayen jam'iyyar NPN ta ƙi amince wa Gwamna Balarabe Musa na PRP da kwamishinoni, har ta tsige shi a watan Yuni na 1981, kuma ko wane ɓangare mutum yake so, zai yarda cewa kowa ya shiga muhawarar nan da hukuncinsa a aljihu. Tun daga 1999 kuwa sai abin ya zama ruwan dare. A Oktoban 2007 Dokta Aminu Safana, wakili daga Katsina, ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar hayaniya a Majalisar Wakilai ta tarayya kan Kakaki Patricia Etteh, rai ya yi halinsa, Allah ya jiƙansa. A 2010 aka kekketa riguna a Majalisar Wakilai, a Nuwamban 2014 wakilai suka haura shinge don shiga majalisarsu, a Afrilun 2018 kuma wasu suka kutsa Majalisar Dattawa ana cikin zama suka sure sandar.

Ba na cewa mutanen dā mala'iku ne, ko na yanzu ba su da tarbiyya, domin har yau akwai masu miƙewa su yi magana mai hankali, sai dai ba su kyamara take nema ba. Illar da na gani ita ce, tunda aka koma yanke shawara a gidajen manya kafin a shigo zaure, wakili ya daina fatan jawabinsa zai juya ra'ayin kowa, wanda kuwa ya fid da rai ga rinjaye da hujja, murya da ƙarfin damtse kaɗai suka rage masa. Saboda haka ina roƙon shugabannin majalisunmu, na tarayya da na jihohi, su riƙa buga muhawara a kan kari, da Hausa inda jama'a Hausa suke ji, su sa ta inda talaka zai karanta abin da wakilinsa ya faɗa da bakinsa, su kuma ba 'yan hamayya lokacinsu cikakke ko da su uku ne rak. Sabon wakili kuwa, kafin ya nemi izinin magana karon farko, ya nemi jawabin Malam Abubakar na 1950 ya karanta shi har ƙarshe.