Ƙal'ar Salahuddin a Birnin Alƙahira

Ƙal'ar Salahuddin wata babbar kagara ce mai kaurin ganuwa da aka gina a kan wani tudu da ke gindin tsaunin Muƙaɗɗam, a kudu maso gabashin tsohon birnin Alƙahira. Daga wannan wuri ne aka mulki ƙasar Masar kusan shekara 700, don haka duk wanda ya riƙe ƙal'ar, shi ne ya riƙe ƙasar.

Sarki Salahuddin Al-Ayyubi ne ya ba da umarnin gina ta a shekarar 1176 domin kare birnin daga farmakin mayaƙan Salibiyya, ya kuma ɗora kulawa da aikin a kan amintaccensa Baha'uddin Ƙaraƙush. Shi kansa Salahuddin bai zauna a cikinta ba. Ɗan ɗan'uwansa, Al-Kamil, shi ne ya fara mayar da ita fadar mulki a farkon ƙarni na 13, kuma haka ta ci gaba har zuwa 1874, lokacin da Khedive Isma'il ya koma fadar Abidin.

Kagara ba ta jure ƙawanya sai da ruwa. Saboda haka aka haƙa Rijiyar Yusuf a cikin dutse, mai zurfin sama da mita 80, hawa biyu, inda shanu ke juya na'urar jawo ruwa zuwa sama.

Kowace daula ta bar alamarta a nan. Masallacin Sarki Nasir Muhammad na zamanin Mamluka an gina shi a 1318, aka sake faɗaɗa shi a 1335. Wannan sarkin ne ya karɓi baƙuncin Mansa Musa na Mali a cikin ƙal'ar a 1324, sa'ad da ya yada zango a kan hanyarsa ta zuwa aikin Hajji. Masallacin Sulaiman Pasha kuwa na 1528 ne, zamanin Usmaniyya.

Mafi shahara shi ne Masallacin Muhammad Ali, wanda aka fara ginawa a 1830 bisa salon masallatan Istanbul. Hasumiyoyinsa biyu sun haura mita 80, a farfajiyarsa kuma akwai agogon da Sarkin Faransa Louis Philippe ya bayar kyauta. Kabarin Muhammad Ali na cikin masallacin. Shi ne kuma ya gayyato manyan Mamluka biki a ranar 1 ga Maris, 1811, aka rufe musu Ƙofar Azab, aka hallaka su, ƙarfinsu ya ƙare a Masar.

Har ila yau, mai ziyara zai ga gidan tarihin soja da na 'yan sanda. Daga dandalin da ke bayan babban masallacin ana hangen Masallacin Sultan Hasan da na Rifa'i a ƙasa, in sarari ya washe kuma har dalar Giza.

Ana shiga ne ta ɓangaren titin Salah Salim, bayan sayen tikiti. Zuwa da sassafe ya fi, kafin rana ta take, domin akwai tafiyar ƙasa da hawa. Ana tuɓe takalmi a masallatai, ana kuma bukatar suturar mutunci. Ƙal'ar na cikin yankin tsohuwar Alƙahira da hukumar UNESCO ta sanya a jerin wuraren tarihi na duniya a 1979.