Yadda Tankin Mai Ya Sami Mazauni a Cikin Ƙaramin Jirgin Rediyo

A shekarar 1937 wasu tagwaye 'yan Amurka, Walter da Bill Good, suka ƙera wani ƙaramin jirgin sama da ake tuƙa shi daga ƙasa da rediyo, suka raɗa masa suna Guff. Yanzu haka yana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian. A lokacin ba wanda ya damu da tankin mai. Injina irin su Brown Junior da fetur suke aiki, da fulogi da kwayil da batir kamar na babur, tankin kuwa ɗan ƙoƙo ne a manne a bayan inji. Jirgin ma ba ya wata ƙiriniya a sama: ya tashi, ya kewaya, ya sauka.

Al'amari ya canja a 1947, da Ray Arden ya fito da sabon fulogi mai siririyar wayar filatinam a ciki. Da an ɗana masa batir inji ya tashi, sai a cire batirin, wayar ta ci gaba da yin ja da kanta muddin tana haɗuwa da methanol. Aka huta da nauyin kwayil. Sai dai sabon man, wato methanol da man zurma da ɗan nitromethane, mugu ne. Yana cinye fenti, yana lalata wasu robobin, in kuwa ya tsiyaya cikin katakon balsa, gam ya daina kamawa. Ga shi inji yana shansa fiye da fetur, dole tanki ya girma, ya bar bayan inji ya koma cikin jirgi.

Nan aka gamu da ainihin matsalar. Waɗannan injina ba su da famfon mai, iskar da ke wucewa ta kafireta ce kawai ke jawo shi, kuma jan ba shi da ƙarfi. Masu jiragen da ake juyawa da waya, irin Fireball da Jim Walker ya fitar a 1940, sun sami sauƙi, don juyin yana tura mai gefe guda, sai su liƙa tankin gwangwani da dalma, su sa bakin bututu a wannan gefen. Jirgin rediyo kuwa, da ya fara kifewa yana alkafura, man ba ya zama wuri ɗaya.

Maganin da aka samo ba shi da wani ƙawa, amma a ganina ya fi yawancin dabarun da suka biyo bayansa. Kwalbar roba ce, a cikinta ɗan tiyo mai laushi, a bakinsa an maƙala ɗan ƙarfe mai nauyi da rami. Duk inda mai ya gangara, ƙarfen na biye da shi. Shi ya sa mai haɗa jirgi yakan girgiza tanki a kusa da kunne kafin ya rufe shi. In bai ji ƙwas-ƙwas ba, tiyon ya yi tsawo, ƙarfen ya tokare da bangon baya.

Sauran ƙa'idojin ma wahala ce ta haife su. Tsakiyar tanki ya yi daidai da allurar kafireta, don in ya yi sama mai ya shaƙe inji, in ya yi ƙasa inji ya yi yunwa ya ɗau zafi. A matso da shi kusa da inji. A naɗe shi da soso, kada jijjiga ta mayar da mai kumfa. Da ƙorafin ƙara ya sa aka fara ɗaura salansa, sai aka ja tiyo daga gare ta zuwa tanki, hayaƙi ya riƙa turo mai. Manyan jirage masu injin fetur kuma kafiretarsu na da famfo, tankinsu na iya komawa tsakiyar jirgi, amma ba a sa musu tiyon silikon, fetur kumbura shi yake yi.

Ga misalin nisan da ƙaramin jirgi mai injin mai ya iya kaiwa: a watan Agustan 2003, jirgin wani mai haɗa jirage, Maynard Hill, mai suna TAM-5, wanda nauyinsa bai wuce kilo 5 ba har da mai, ya tashi daga Kanada ya sauka a Ireland, tafiyar kusan kilomita 3,000 cikin kusan sa'o'i 39, da man da bai kai galan ɗaya ba. Yau jirage masu aiki da batirin lithium sun janye yawancin sababbin shiga, amma masu injin mai har yanzu da wannan kwalba da ɗan ƙarfenta suke tashi.