Kanikancin Injin Dizal a Ƙasar Basunda, Jiya da Yau

Duk wanda ya san Basunda, wadda ke kudu da birnin Gadarif, daura da iyakar Habasha, ya san arzikinta dawa ne da riɗi, ya kuma san jikokin mahajjatan ƙasar Hausa, waɗanda tafiya ta tsayar da kakanninsu a wannan yanki, suna cikin masu nomansu. Tun wajen 1944, sa'ad da Ingilishi suka fara noman inji a Gadambaliya domin ciyar da sojojinsu, injin dizal ya zama abokin zaman manomin wannan baƙar laka, sana'ar kanikanci kuwa ta biyo shi.

A zamanin tarakta Massey Ferguson da babbar mota Bedford, wadda maƙeran Sudan suka sāke wa ƙira har aka laƙaba mata suna Sifinja, bakanike ba shi da hujja sai ta kunne da ido. Ya kan sassauta bututun nozil ɗaya bayan ɗaya alhali inji na aiki, wanda ya sassauta bai ji sautin inji ya sāke ba, to, ya san nan illar take. Baƙin hayaƙi ya nuna masa mai ya rinjayi iska, shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa. Ilmi ne da ba a littafi aka karanta shi ba, yaro ya ɗauko shi ne daga bakin maigidansa bayan shekaru na wankin sassa.

Al'amari ya juya daga 1997, yayin da Bosch ya fitar da tsarin common rail, wanda kwamfuta ke auna mai a cikinsa, ya shiga motocin Turai, daga bisani irinsa ya iso cikin sababbin Hilux. Yanzu sensa ce ke ba ƙwaƙwalwar mota labarin iskar da ta shiga, da zafin ruwa, da matsin mai, da juyawar karanshaf, in kuwa labarin ya saɓa wa hankali sai mota ta rage wa kanta ƙarfi, ko ta ƙi tashi sam.

A nan ne na ga ana kuskure mai tsada. Sensa shaida ce, bakanike kuwa alƙali, kuma ba a yanke hukunci kafin a yi wa shaida tazkiyya. Idan na'urar bincike ta nuna P0087, abin da ta faɗa kawai shi ne matsin mai ya gaza. Sababin kuwa sau da yawa matatar mai ce ta toshe saboda man durom mai ruwa da datti, ko girgizar hanya ta ci waya. Mai sauya sensa kafin ya auna waya ya duba matata ya zalunci manomi, wanda damina ba ta jiran kayan gyara su iso masa daga Gadarif.

Ina roƙon manyan kanikawan Basunda su koya wa yaransu karatun na'ura da awon waya, tare da sauraron inji irin na dā.